Yadda Ake Mayar da Abin da Aka Lura da Shi a Asibiti Ya Zama Bincike

Duk ma'aikacin lafiyar da ya daɗe a bakin aiki yana da abubuwan da ya yarda da su saboda ya gani da idonsa. Nas za ta ce maka majinyatan da aka tayar suka ɗan taka washegarin tiyata sun fi saurin samun sallama. Mai yiwuwa gaskiyarta ce. Amma tsakanin "na lura" da "na tabbatar" akwai jan aiki, kuma shi nake koya wa ɗaliban da nake duba musu binciken kammala karatu. Da wannan misali na tattaki za mu tafi.

Fara da rubuta tambayarka a jimla ɗaya mai ɗauke da abu huɗu: su wane ne, me za a yi musu, da wa za a gwada su, me za a auna. Ga tamu: a cikin manyan da aka yi wa tiyatar ciki, tayar da su su yi tattaki cikin awa 24 yana rage kwanakin da suke yi a asibiti, in an gwada su da waɗanda aka bari sai sun nemi tashi da kansu? Idan tambaya ta ƙi shiga jimla ɗaya, ba ta nuna ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi dagewa a kansa, kuma shi ɗalibai suka fi gudu. Kafin ka buɗe fayil ɗin majinyaci ko ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta irin sakamakon da in ya fito za ka amince cewa zatonka bai tabbata ba. Ka sa kwanan wata, ka ba wani ya ajiye. Wannan tunani na Karl Popper ne, masanin falsafa ɗan Austriya, wanda tun a 1934 ya ce abin da ke raba maganar kimiyya da sauran maganganu shi ne a iya ƙaryata ta. In ka ce tattaki na taimakawa, sannan wanda ya warke da wuri ka ce tattakin ne, wanda ya daɗe kuma ka ce ai bai taka sosai ba, to ka toshe duk ƙofar da gaskiya za ta shigo ta same ka.

Dubi yadda wani likita, Ignaz Semmelweis, ya yi a babban asibitin Biyena, a Austriya. Ɗakunan haihuwa biyu ne. A wanda likitoci da ɗalibansu ke aiki, zazzaɓin jego na kashe kusan mace ɗaya cikin goma. A na ungozomomi, mutuwar ba ta kai rabin haka ba. Wasu suka ce tsoro ne, don limamin coci yana ratsa ɗakin farko da ƙararrawa idan zai je wurin mai gargara. Semmelweis ya sa ya sauya hanya ya daina kaɗa ƙararrawar, mutuwa ba ta ragu ba, ya jefar da wannan zato. Aka ce kwanciyar haihuwa ce, don a ɗakin farko a rigingine ake haihuwa, a na biyu a gefe. Ya sauya kwanciyar, babu canji, ya jefar. Sai a 1847 abokin aikinsa Jakob Kolletschka ya rasu bayan wuƙa ta yanke shi wurin fiɗar gawa, da alamu irin na matan nan. Daga nan ya yi hasashen cewa likitoci ne ke ɗauko cutar a hannu daga ɗakin gawa. Ya wajabta wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar da ta haura kashi 18 cikin ɗari a watan Afrilu ta sauko kusan kashi 2 a watan Yuni. Abin da ke burge ni a labarin nan shi ne zatukan biyu da ya yar, domin kowanne ya ba shi damar faɗuwa, ya kuma bar shi ya faɗi.

Sai ka tambayi kanka: in ba tattakin ba ne, mene ne? Su wa ke iya tashi washegarin tiyata? Masu ƙarancin shekaru, waɗanda aikinsu bai yi girma ba, waɗanda ba su zubar da jini da yawa ba. Waɗannan ko ba su taka ba su za a fara sallama. Wato ƙarfin jiki ne ya kawo tattakin, shi kuma ya kawo sallamar. Idan daga tsofaffin fayiloli za ka yi aiki, dole ka rubuta shekaru, irin tiyatar, ciwon suga da makamantansu, ka gwada kama da kama. Duk da haka abin da za ka iya faɗa shi ne abubuwan biyu suna tafiya tare, ba wai ɗaya ne ya jawo ɗaya ba.

Maganin wannan matsala shi ne ƙuri'a. A gwajin da aka buga a Ingila a 1948 na maganin streptomycin a kan tarin fuka, masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya raba majinyata 107 gida biyu da lambobin da aka zaɓa ba tsari, aka rufe su cikin ambulan, likita bai san rukunin da mutum zai faɗa ba sai bayan an karɓe shi. Cikin wata shida mutum 4 suka rasu daga 55 da aka ba maganin, 14 daga 52 da aka bari da hutun gado kawai. Kada ka ce na Litinin rukuni ɗaya, na Talata rukuni ɗaya, ko ka bi lambar gado. Mai tausayi zai gane tsarin, ya karkatar da majinyacin da ya ga ya raunana zuwa inda yake ganin sauƙi, ba tare da ya san ya ɓata bincike ba. Kuma ka yi ƙoƙari likitan da ke sa hannu a takardar sallama kada ya san wa ke wane rukuni.

Ka auna abin da ya dami majinyaci, ba abin da ya fi sauƙin aunawa ba. A Amurka an daɗe ana ba waɗanda suka yi ciwon zuciya magungunan encainide da flecainide saboda suna daidaita bugun da ya rikice, takardar awon zuciya ta fito fes. Da aka gwada su da ƙwayar da babu magani a cikinta, sai aka dakatar da ba da su a gwajin a 1989, domin masu shan maganin sun fi mutuwa. A namu binciken, kwanakin asibiti kaɗai ba su isa ba. Ƙirga waɗanda suka faɗi wurin tattakin, waɗanda ɗinkinsu ya buɗe, da waɗanda aka dawo da su cikin kwana 30.

Yawan mutanen da kake buƙata, je wurin masanin ƙididdiga tun kafin ka fara. Lambar nan ta 0.05 da kowa ke nema, wato iyakar ma'aunin p-value da ake dubawa kafin a ce bambancin ba na sa'a kawai ba ne, ba ta gaya maka girman amfanin ba. Faɗi bambancin kwanakin da kansa, da iyakar da zai iya hawa ko sauka.

Kada ka taɓa kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, majinyaci kuma ya yarda bayan an yi masa bayani da yaren da yake ji, ya san yana iya janyewa ba tare da an rage masa kulawa ba. Yarjejeniyar Helsinki, ƙa'idojin bincike a kan mutane da aka fara fitarwa a 1964 aka kuma yi ta sabuntawa, tana cikin tushen wannan. Ka yi wa gwajin rajista a kundin gwaje-gwajen asibiti da kowa ke iya dubawa kafin ka ɗauki mutum na farko. Tun 2005 manyan mujallun likitanci ke neman haka. In an gama, karɓo takardar da ka ba ajiya ka gwada ta da sakamakon. Idan babu bambanci tsakanin rukunonin biyu, rubuta hakan ka aika a buga, tare da adadin waɗanda suka janye da dalilinsu.