In kana son koyon jaz a Legas, fara da kibod

Kusan duk wanda ya zo mun da maganar jaz saksofon yake so. Ya je Shrine, gidan kiɗan iyalan Fela a Ikeja, ya ga masu busa sun jeru suna ƙyalli, shikenan wai gobe sai kasuwar Alaba ya sayo nasa. Ɗan uwa dakata tukuna. Ko da busa ce burinka, fara da kibod, don a nan ne kake ganin tiyorin kiɗa da idonka, maɓallai farare da baƙaƙe ga su a jere, sauti 12 ne kawai ke ta maimaita kansu. Mai maɓalli 61 ya ishe ka, ba sai fiyano mai 88 ba. Ka nemi mai cin batir saboda ka san halin wuta, ka haɗa da abin kunne kar maƙwabta su yi maka taro a ƙofa.

Sai malami. Akwai MUSON, wata ƙungiyar harkar kiɗa ta Najeriya, a Onikan, tun 1983 aka kafa ƙungiyar, suna da makaranta da jarrabawa mataki-mataki, kuma wajen karanta rubutun kiɗa gaskiya za ka fito da tushe, sai dai ƙarfinsu ya fi a kiɗan gargajiyar Turai. In kana Agege ko Idi-Araba kuma goslo zai cinye maka yini, nemi malami na kusa. Da yawan gwanayen kibod a garin nan a coci suke kiɗa, ranakun mako suna koyarwa a gida, kai dai sana'a ka je koyo. Kafin ka biya ko sisi ka ce ya kaɗa maka 2-5-1 (jerin kod uku ne, kod kuma sautuka ne da ake dannawa tare) a kii uku (kii shi ne sautin da kiɗa ya ɗauka a matsayin gida) ya kuma yi bayani. In ya fara kame-kame, ka yi masa godiya ka kama hanya.

Wannan 2-5-1 ɗin shi ne tuwon jaz, kullum da shi ake kwana. A kii na C (haruffan nan sunayen fararen maɓallai ne), za ka danna D F A C tare, sai G B D F, sannan ka sauka gida a C E G B; in ka ƙirga daga C, D ne na 2, G na 5, C na 1, nan sunan ya samo asali. Ka lura kowane kod sauti huɗu ne, ba uku ba kamar yadda aka saba, na huɗun nan shi ke kawo ƙamshin da kake ji kana rasa sunansa. Ka ɗauki kii ɗaya a mako, kar ka yi gaggawa, wata uku ka zaga duka 12, kuma wlh minti 30 kullum ya fi awa biyar ranar Lahadi kaɗai. Daga nan sai salon kiɗan blus mai gaɓa 12 (kowace gaɓa bugu huɗu) da sikeli, wato jerin sautuka, mai sauti biyar, wanda ba baƙo ba ne a kunnenka, yawancin kiɗan goge da gurmi da ka taso kana ji a kansa suke tafiya. Tafi kuma a bugu na 2 da na 4 ake yinsa, ka sa metronom, wato manhajar ƙirga bugu, a waya ka yi ta yi har ya zauna a jikinka.

Bayan kamar wata shida in har yanzu busar kake so, toh saksofon ɗin da ake kira alto za ka fara da shi, ya fi sauƙin riƙewa. Ka tafi kasuwa da malaminka musamman in tokumbo ne, don ƙaramar kafa in tana zubar da iska sai ka ɗauka kai ne ba ka iya ba. Ɗan karan da ake ɗaurawa a bakin saksofon ka sayi lamba 2, mai taushi. Kuma danshin Legas ba ya wasa, duk ka gama ka goge cikin tas. Abin da zai ruɗa ka da farko, in ka danna C a alto sautin da ke fita E-filat ne a fiyano, wato baƙin maɓallin da ke tsakanin D da E, ba lalacewa ya yi ba, haka aka ƙera shi.

Kar ka ce koyon rubutun kiɗa ɓata lokaci ne, Fela ma sai da ya je makarantar kiɗa ta Trinity College a Landan a 1958. Amma sauraro dole, Tony Allen, mai gangar Fela, kunne ya kasa wa Art Blakey, mai gangar jaz ɗan Amurka. Ka ɗauko gajeriyar jimla ɗaya daga wani faifai, ka rera ta da baki tukuna, sannan ka lalubo ta a kibod, ka kai wa malam ranar darasi ya nuna maka kod ɗin da ke ƙarƙashinta.