Yadda ake naɗe wasan intanet wa Windows, Mac da Linux, kuma a sabunta shi bai mutu a hanya ba

Ba zan tsaya koya maka fitar da wasa daga Unity ko Godot ba. Tunda ka iso nan, na ɗauka kana da folda uku a hannu: ta Windows, ta Mac, ta Linux. Daga nan ne sababbin shiga ke tuntuɓe. Su matse foldar a zip, su tura wa jama'a, a yi ta tafi. Bayan sati biyu a gano kuskure, a gyara, sai a koma kallon-kallo, don babu wanda ya tanadi hanyar da gyaran zai bi ya isa kwamfutocin mutane. Wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai zai iya shekara goma da tsohuwar siga. Na intanet kuwa, ranar da sabar, wato kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, ta canja harshen da take magana da wasan, duk mai tsohuwar siga ya tashi daga wasa.

Mataki na farko: raba mabuɗi da wasa

Ka rubuta wata 'yar ƙaramar manhaja dabam, wadda masu harkar ke ce wa lanca, ni kuma nake ce mata mabuɗi. Aikinta uku ne: ta duba ko akwai sabuwar siga, ta sauke, ta buɗe wasan. Kada ka ɗora mata labarai da hotuna masu motsi, ka bar ta da sauƙi ta yadda za ta yi wata shida ba a taɓa ta ba.

Dalilin rabawar shi ne Windows ba ta yarda a rubuta a kan fayil ɗin exe da ke aiki. A Mac kuma, in ka canja ko da fayil ɗaya a cikin kunshin .app da aka sa wa hannu na dijital (shaidar cewa daga wurinka ya fito kuma ba a taɓa shi ba), sa hannun ya lalace. Saboda haka wasan kansa ya zauna a inda mai kwamfuta ke da ikon rubutu ba sai ya nemi izinin admin ba: %LOCALAPPDATA% a Windows, ~/Library/Application Support a Mac, ~/.local/share a Linux. Ban da Program Files. Saitunan ɗan wasa kuma a ba su folda tasu, nesa da inda sabuntawa ke shara.

Mataki na biyu: takardar kaya

Kowace siga ta fito da takarda mai jera duk fayilolinta: suna, girma, tambarin SHA-256 (lambar da ake lissafawa daga abin da ke cikin fayil, wadda ke canjawa in fayil ɗin ya canja), da alamar ko fayil ɗin na kunnawa ne. Kowane tsari da tasa takardar. Ka sa mata hannu da Ed25519, wata hanyar sa hannu ta dijital, ka dasa makullin tantancewa a cikin mabuɗin. In ba haka ba, duk wanda ya samu shiga ma'ajiyar intanet da kake ɗora fayilolin wasan ya samu shiga kwamfutar kowane ɗan wasanka.

Abu biyu na cizo a nan. Windows ba ruwanta ko ka rubuta Doki.png ko doki.png, Linux kuwa fayil biyu ne dabam a wurinta. Ni dokata ƙananan haruffa zalla, ba musu. Na biyu, in Git, manhajar adana sigogin aiki, na canja maka ƙarshen layi tsakanin kwamfutoci, tambarin fayil zai canja alhali ba ka taɓa komai ba. Ka lissafa tambari daga kayan da za ka ɗora, ba daga na teburinka ba.

Mataki na uku: kada ka taɓa rubutu a kan sigar da ke aiki

Nan ne na sha kashi, don haka nan zan daɗe.

Mabuɗina na farko saukewa yake yi yana zubawa kai tsaye a kan tsofaffin fayiloli, ɗaya bayan ɗaya. A kwamfutata lafiya lau, don intanet ɗin ofis ba ya yankewa. Ranar da na saki wani babban gyara, wani daga cikin masu gwada mana yana tsakiyar saukewa aka ɗauke wuta, kwamfutar tebur ce kuma babu batir. Da aka kawo wuta, rabin wasan sabo, rabi tsoho. Abin takaicin, lambar siga ita mabuɗin ya fara rubutawa, don haka da ya duba sai ya ce komai daidai ne. Wasan ya ƙi buɗewa, mabuɗin ya ƙi gyarawa. Dole bawan Allah ya goge komai ya sake saukewa da datarsa. Har yau in mun haɗu sai ya tuna mini.

Na ga hadari ne na zubar da ruwan tulu. Ga yadda ake yi.

Kowace siga da foldarta. In siga ta 41 ke aiki, ka buɗe sabuwar folda mai suna 42 a gefenta. Tun kafin ka fara, ka duba ko akwai wuri a faifai, kada a yi nisa a maƙale. Fayilolin da tambarinsu bai canja ba, ka kwafo su daga 41. Waɗanda suka canja, ka sauke su da sunan wucin gadi, misali ka liƙa musu .part a ƙarshe. In layi ya yanke, ka ci gaba daga inda aka tsaya da buƙatar Range ta HTTP, kada ka koma farko. Duk fayil ɗin da ya kammala, ka lissafa tambarinsa ka gwada da na takarda. Ya dace, a cire masa .part. Bai dace ba, a jefar a sake.

Sai komai ya cika, ka tilasta wa tsarin ya zuba abin da ke ƙwaƙwalwa a faifai, sannan ka juya alama. Alamar wani ɗan fayil ne da ke cewa “42 ce mai aiki”. Shi ma ba a kansa za ka rubuta ba: ka rubuta sabo a gefe, ka canja masa suna ya hau kan tsohon. A Linux da Mac rename ke yin wannan a bugu ɗaya, a Windows kuma MoveFileEx da tutar maye gurbi. Sharaɗin dai duka su kasance a faifai ɗaya. Da wannan tsari, ko a wane daƙiƙa wuta ta tafi, ɗan wasa na da 41 cikakkiya ko 42 cikakkiya.

Kada ka goge 41 sai 42 ta buɗe ta gaisa da sabar aƙalla sau ɗaya. Kuma ka gwada da mugunta: kashe mabuɗin a tsakiyar aiki, zare wayar intanet, cika faifai da gangan. Wanda bai yi wannan sau goma ba, ban yarda ya gwada ba.

Shi kansa mabuɗin in zai sabunta, akwai dabara. Windows ta hana rubutu a kan exe mai aiki, amma ta yarda a canja masa suna. Ka mayar da shi .old, ka ajiye sabon a gurbinsa, ka sake kunnawa, sabon ya share tsohon.

Wajen ɗorawa a ma'ajiya, fayiloli ne farko, takardar kaya ƙarshe. In ka juya, mutane za su zo neman kayan da ba su iso ba.

Bari in ɗan ratse kan data. In ka dunƙule duk hotuna da sautuka a fayil ɗaya mai gigabait biyu, ka matse shi, to gyaran hoto ɗaya zai sa kowa ya sake sauke gigabait biyu. Ka raba: abin da ke yawan canjawa gefe, waƙoƙi da manyan taswirori gefe. Gaskiya ma, in kana da dala 100 na kuɗin shiga Steam, kasuwar wasanni ta intanet, tsarinsu na SteamPipe na yanka fayiloli gutsi-gutsi, kusan megabait ɗaya-ɗaya, ya tura waɗanda suka canja kawai. Na itch.io, wata kasuwar wasannin, mai suna butler kyauta ne, shi ma bambancin kaɗai yake turawa. Ba abin kunya ba ne ka jingina da su.

Mataki na huɗu: halin kowane tsari

Windows: ka haɗa mai girkawa da Inno Setup, na fi son sa a kan NSIS don rubutunsa ya fi karantuwa. Ka haɗa da Visual C++ Redistributable, in ba haka ba saƙon “VCRUNTIME140.dll” zai cika maka waya. In ba ka sa hannu ba SmartScreen, mai gargaɗin tsaro na Windows, zai tsorata mutane, satifiket ɗin sa hannun kuwa da tsada, kuma tun Yunin 2023 sai an ajiye makullinsa a na'ura ta musamman.

Mac: dala 99 a shekara ga Apple, ba makawa. Ka sa hannu da codesign, ka tura a tantance da notarytool, ka liƙa shaidar da stapler. Tun fitowar injin M1 na Apple a 2020 akwai injin iri biyu a Mac, sai ka gina wa kowanne nasa, ka haɗa su da lipo. Ka ce wa mutane su ja manhajar zuwa Applications kafin su buɗe, don in suka kunna ta daga inda ta sauka, tsarin na iya gudanar da ita daga wurin da ba a rubutu.

Linux: ka gina a kan tsohuwar sigar Linux, saboda abin da aka gina da sabuwar glibc (ginshiƙin da manhajojin Linux ke dogaro da shi) ba ya tashi a kan tsohuwa. Ka yi amfani da tar.gz ko AppImage, don zip ɗin da aka matse a Windows kan zubar da izinin kunnawa.

Mataki na biyar: sabar

Lambar harshen sadarwa dabam, lambar sigar wasa dabam. Gyaran launin riga bai kai a kori kowa ba. Saƙon farko da wasa zai aika ya ɗauki lambar harshen, in ta tsufa sabar ta amsa da “koma ka sabunta”, wasan ya rufe kansa ya kira mabuɗi. Ka ɗora kayan duka tsarin uku, ka jira tantancewar Apple ta dawo, sannan ka juya sabar.