Kurakuran da Ake Yi Wajen Faɗin Lokaci da Yadda Za a Gyara Su

Yawancin ruɗanin da ake samu kan lokaci ya samo asali ne daga lissafi biyu da muke tafiya da su tare: na wata, wanda kwanansa ke somawa da faɗuwar rana, da na kalandar Miladiyya, wanda kwanansa ke somawa ƙarfe 12 na dare.

Mafi tsadar kuskure shi ne na "daren Juma'a". A wurin Bahaushe dare ke gabatar rana, saboda haka daren Juma'a yana shiga ne da magaribar Alhamis. Amma ɗan boko kan rubuta "daren Juma'a" a katin gayyata alhali yana nufin bayan magaribar Juma'a, sai wasu baƙin su zo kwana guda kafin taro. Maganin abin shi ne a rubuta "ranar Juma'a da daddare" in bayan magaribar Juma'a ake nufi, ko "Alhamis wayewar Juma'a" in bayan magaribar Alhamis ne, a haɗa da kwanan wata. Matafiya ma na faɗawa wannan ramin. Tikitin jirgi da ke ɗauke da 01:30 ranar 12 ga wata, ranar 11 da daddare ake tafiya filin jirgi. Wanda ya jira ranar 12 da daddare zai tarar jirgi ya tashi tun jiya.

Sai ƙarfe da awa. Ƙarfe yana nuna inda hannun agogo yake, awa ko sa'a kuwa tsawon lokacin da aka ɗauka: an tashi ƙarfe uku, an yi tafiyar awa uku. Kuma ƙarfe ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an ce na safe, na rana, na yamma ko na dare. Daƙiƙa kuma tana da nata rikicin, domin wasu minti suke nufi da ita, wasu sakan. A wajen girki ko shan magani, a ce minti ko sakan kai tsaye.

"Bayan la'asar" ba ƙarfe ba ne. Lokacin salla yana motsawa da yanayin shekara, masallatai ma ba sa tayarwa tare. Idan da wanda ke ƙasar waje za a yi magana, a faɗi agogon: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya, Ghana na bayansu da awa guda, Saudiyya na gabansu da awa biyu.

Lissafin wata shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30, shekarar Hijira kuma kwana 354 ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kamar kwana 11. Shi ya sa azumi ke zagaya damina da rani, har lissafi ya nuna Ramadan zai zo sau biyu a 2030, a Janairu da Disamba. Mai fitar da zakka da ke jiran ƙarshen Disamba kowace shekara yana jinkirta ta ne ba tare da ya sani ba, tunda da shekarar Hijira ake ƙirgawa. Haka takaba: wata huɗu da kwana goma na watannin Musulunci ne. A rubuta ranar farawa da kalandar biyu tun daga farko. Tazarar kwana 11 ɗin nan ba ƙarama ba ce idan ta taru, don mai shekara 64 a Miladiyya ya kusa 66 a Hijira.

Marubuta na yawan zamewa a kan ƙarni. Ƙarni na 19 ya fara daga 1801 zuwa 1900, don haka jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 a ƙarni na 19 yake, ba na 18 ba.

Akwai kuma tsawaita abin da Hausa ta riga ta gajarta. Ana rubuta "shekarar da ta gabata" alhali ga bara, ga bana, ga baɗi, ga bara waccan. Bayan gobe akwai jibi, gata, citta, a jere haka, kada a musanya biyun ƙarshe. In an zaɓi dogon salon, a kula da jinsi: watan da ya wuce, makon da ya wuce, amma shekarar da ta wuce, awar da ta wuce.