Yadda Ake Riƙon Kare a Zariya Lokacin Hunturu: Allura, Rigar Saƙa da Fita Daji

Duk wanda ya ajiye kare a gidansa ya ɗauki amana, kuma lokacin da amanar nan ta fi nauyi a Zariya shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hazo yake rufe gari, sanyin dare kuma yakan sauka ƙasa da digiri 15. Shekara tara ke nan muna tare da wata karya a gidanmu da ke Samaru, ta tsufa a hannunmu, kuma ita ce ta koya mini cewa gadin da kare yake yi wa mutum da dare yana da hakki da ake biya da rana. Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta ajiye kare don gadin gona, da kiwo, da farauta, sun kuma karantar da mu hadisin mutumin da aka gafarta masa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Saboda haka a ware masa kwanonsa dabam, a yi masa makwanci a tsakar gida nesa da wurin salla da madafa, amma kada a bar shi a wulaƙance.

Abin da za a fara da shi shi ne allurar rigakafin ciwon haukan kare. Ana yi wa kwikwiyo ita idan ya cika wata 3, sannan a riƙa sabuntawa kowace shekara, a kuma adana katin da likita ya rubuta, domin ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci katin nan ne zai kwantar da hankalin gidaje biyu. Mu mutanen Zariya ba mu da uzuri, tunda asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru. Idan aka je, a roƙi likita ya ba da maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma a zama ɗaya. Idan kuwa cizo ya faru, a wanke raunin da sabulu da ruwa mai zuba na tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum kusan babu mai tsira.

Batun abinci ba shi da wuya. Tuwon da ya kwana, da shinkafa, da romo, da ɗan kifi ko nama sun wadatar, sau biyu a yini ga babba, sau uku ko huɗu ga kwikwiyo. Sai dai a kiyaye miyar da albasa da tafarnuwa suka yi wa yawa, domin suna lalata jinin kare, a kuma nisanta shi da goro da cakulan da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa a maƙogwaro. Ruwan sha kuwa kada ya yanke, saboda iskar hunturu tana busar da dabba kamar yadda take busar da leɓenmu.

Yanzu sai riga, wadda ita ce na fi so a cikin aikin duka. Lafiyayyen karen gida mai ƙarfi ba ya buƙatarta, buhu da tsohon bargo a lungun da iska ba ta bugawa sun ishe shi. Masu buƙata su ne kwikwiyo, da tsohon kare, da wanda ya tashi daga ciwo ya rame. Na fara saƙa wa tamu ne a wata asuba ta watan Janairu da na fito alwala na tarar ta dunƙule a jikin murhu tana makyarkyata, tokar jiya duk ta ɓata mata hanci.

A sayi zaren ulu mai kauri a kasuwar Sabon Gari, irin wanda ake saƙa wa jarirai hula da safa, domin yana wankuwa kuma yana saurin bushewa. Da tef ɗin tela za a ɗauki awo uku: zagayen wuya, zagayen ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, da tsawon baya daga wuya zuwa gindin wutsiya. Kafin a shiga aikin sosai, a saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 a ƙirga ƙulli nawa ya ci, domin hannun kowa da irin tsaurinsa. Idan gwajin ya ci ƙulli 18, ƙirjin karen kuma santimita 50 ne, to zagayen rigar zai ci ƙulli 90, a ƙara masa kamar 4 don sakewa. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a saƙa ƙyalle biyu, babba na baya wanda zai ɗauki kashi biyu cikin uku na ƙullin, da ƙarami na ƙirji, sannan a haɗa su a gefe da allura a bar kafa biyu inda ƙafafun gaba za su fito. Mai kwarashi ma haka za ta yi, kuma aikinta zai fi sauri. A bakin kafofin nan ne riga take cin kare, don haka a yi su da yalwa, a kuma tabbata yatsu biyu suna shiga tsakanin wuyan rigar da fatarsa. Idan namiji ne a gajarta ƙyallen ƙirjin don kada fitsari ya jiƙa shi. Ba na sa maɓalli ko duwatsun ado ko kaɗan, domin abin da kare ya iya cirewa da haƙori haɗiye shi zai yi. A sa masa bayan isha'i, a cire da hantsi idan rana ta ɗaga.

Kare da aka ɗaure yini da kwana yakan zama mai faɗa da yawan haushi, shi ya sa fita da shi take cikin kulawa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan gari ya waye sosai, ko bayan la'asar. Mu mukan bi hanyoyin gonaki, ranar hutu kuma mu nufi gindin Dutsen Kufena da gorar ruwa da ƙaramin kwano, ni kuma da jakar saƙata, in sami inuwa in yi layi goma karyar tana kwance kusa da ƙafata. A cikin unguwa igiya ba ta barin wuyansa, saboda yara da masu tsoro suna da hakkin hanya. A daji ma a riƙe ta da kyau, domin bayan girbi makiyaya sukan shigo da shanu cin karmami, kuma kare ɗaya da ya kori garke yana iya jawo rigimar da ta fi ƙarfin mai shi. A guji inda aka cinna wa ciyawa wuta, kada kuma a bar shi yana cusa hanci cikin ramuka da ƙarƙashin duwatsu inda macizai suke fakewa. Idan bazara ta shigo a Maris da Afrilu, a taɓa ƙasa da bayan hannu kafin a fita. In hannu bai jure ba, tafin kare ma ba zai jure ba.

Da an dawo gida, kafin a ba shi abinci, a zaunar da shi a duba tsakanin yatsunsa da cikin kunnuwansa da hammatarsa. A nan ƙarangiya da tsidau suke maƙalewa, a nan kuma kaska take ɓuya. A kama kaskar da hantsaki dab da fata a ja ta a hankali ba tare da murɗawa ba, sannan a wanke hannu da sabulu. Idan tafin ya fara tsagewa saboda bushewa, ɗan man kaɗanya da dare yana laushe shi. Rigar kuwa a wanke ta duk mako a bokitinta dabam, a matse ta ba da ƙarfi ba, a shimfiɗa ta kan tabarma ta bushe, domin idan aka rataye ta a igiya nauyin ruwa yana miƙe saƙar har wuyan ya yi wa karen yawa.