Koyar da Yara Dabbobin Gida da Littafin Hotuna: Inda Ake Yawan Kuskure

Yaron da ya tashi a Kumo ko Dukku ya san akuya tun yana rarrafe. Amma a buɗe masa littafin da aka buga a Turai, sai ya yi shiru. Saniyar ciki mai dabbare-dabbaren baƙi da fari ce, ba tozo, ba dogon ƙaho. Tunkiyar kuma ta sha gashi kamar auduga. Malami sai ya ɗauka yaron ne bai gane ba, alhali hoton ne baƙo.

Kada a jefar da littafin. A ajiye hoton saniyarmu ta gida, irin su Bunaji ko Rahaji, kusa da shi, ko da a waya ne, a tambayi yara: me wannan take da shi da waccan ba ta da shi? Da kansu za su nuna tozo. Tumakinmu irin su Balami da Uda gashinsu a kwance yake, shi ya sa yara ke kiran su awaki. A nuna musu wutsiya: ta akuya a ɗage, ta tunkiya a sake.

Wani kuskuren shi ne suna ɗaya tak ga kowace dabba. Hausa ta fi haka wadata: sa, saniya, maraƙi, rago da tunkiya, bunsuru da akuya, zakara, kaza, ɗan tsako, doki da goɗiya. Haka kukansu. Zakara cara yake yi, kaza kyarkyara, doki haniniya. A bar yara su kwaikwayi abin da suke ji da asuba, ba abin da aka rubuta da Turanci a gefen hoton ba.

Gaggawa ma tana ɓata darasi. Ga 'yan shekara 3 zuwa 5, dabbobi uku a minti 10 sun isa. A zaunar da su a tabarma, a riƙe littafin daidai idonsu.

A kula da girma: sau da yawa ana zana ɗan tsako da sa kusan kai ɗaya a shafi. A gwada tsayin kowanne da hannu.

Daga nan a fita turke ko akurki, yara su ba akuya harawa, su ga dusa, a gaya musu kaza kwana 21 take kwanci. Kafin a koma kan littafin, kowa ya wanke hannu da sabulu.