Yadda za a karkatar da amfani da wuta daga magariba zuwa tsakar rana

Duk mai kula da ƙaramar tashar sola a ƙauye ya san wannan matsala. Da azahar farantai na samar da wutar da ba mai sha, da magariba kuwa kowa ya kunna kayansa lokaci guda, nauyin ya faɗa kan batir, wanda shi ne ya fi komai tsada a tashar. Masana tattalin arziki masu nazarin ɗabi'ar mutane, irin su Richard Thaler da ya samu kyautar Nobel a 2017, sun nuna cewa yadda aka gabatar wa mutum zaɓi yana juya halinsa ƙwarai.

Da farko a ware ayyukan da za su ɗagu: guga, tura ruwa cikin tanki, niƙa da cajin fitilu. Kada a nemi magidanci ya kashe ƙwai lokacin cin tuwon dare, domin ba zai yi ba.

Mataki na biyu shi ne mafi nauyi a ganina. A sa kowane gida kan tsarin farashi mai sauƙi da rana, a bar wa wanda bai so ƙofar fita, maimakon a jira mutane su zo su yi rajista da kansu. Kamfanin wutar birnin Sacramento a Amurka ya gwada hanyoyin biyu a 2012. Inda aka ce mai so ya shiga, ba a samu ko ɗaya cikin biyar ba, amma inda aka sa mutane tun farko, fiye da tara cikin goma sun zauna. Sharaɗi dai shi ne a yi wa jama'a bayani a fili gaban mai unguwa, a samu amincewar hukumar da ke sa ido kan farashi, kuma fita ta kasance ba wahala.

Sannan a riƙa tura saƙon waya da hantsi, kafin uwargida ta tsara aikinta, a faɗa mata a naira abin da za ta yi asara idan ta bar guga sai dare. Asara ta fi riba cizo a zuciyar ɗan Adam.

Ana iya nuna wa gida yadda yake idan aka kwatanta da maƙwabta, ba tare da kama suna ba, amma da hattara. A garin San Marcos na Kalifoniya, binciken da aka wallafa a 2007 ya gano cewa masu tsimi sun ƙara shan wuta da suka ga sun fi maƙwabta tattali, in ban da waɗanda aka zana wa fuskar murmushi a takardarsu.

Roƙo kaɗai ba ya ɗorewa. A gwajin da aka yi a yankin Kyoto na Japan a 2012, tasirin kira ga kishin al'umma ya dushe cikin 'yan kwanaki, na farashi kuwa ya zauna. Saboda haka a duba mita bayan wata uku, a ga ko nauyin magariba ya sauka.