Yadda ikilisiyar Presbyterian za ta kai rahoton haƙƙin ɗan Adam gaban Majalisar Ɗinkin Duniya

Duk bayan kimanin shekara huɗu da rabi, kowace ƙasa cikin ƙasashe 193 na Majalisar Ɗinkin Duniya tana zuwa Jeniba ta zauna, sauran ƙasashe su yi mata tambayoyi kan yadda take riƙon haƙƙin mutanenta. Wannan bita ita ce ake kira UPR. An fara ta a 2008, zagaye na huɗu ya soma a Nuwamba 2022, kuma a cikinsa aka duba Najeriya a Janairu 2024. Takardu uku ake ɗora bitar a kansu: rahoton gwamnati, bayanan hukumomin Majalisar, da taƙaitaccen abin da ƙungiyoyin al'umma suka aiko. Ta wannan ƙofa ta uku ikilisiya ke shiga, kuma ba sai tana da rajista da Majalisar ba kafin ta aika.

Wasu dattawa suna ɗaukar wannan aiki a matsayin siyasa. Amma tun a 2004, a taron Akra, ƙungiyar cocin Reformed ta duniya, wadda cocin Presbyterian ke cikinta, ta bayyana cewa zaluncin tattalin arziki batu ne na bangaskiya. Bitar kuwa ba kisa da ɗauri kaɗai take dubawa ba. Abinci, ruwan sha, makaranta da magani duk suna ciki, kuma coci mai asibiti da makaranta a karkara ya fi ofisoshi da yawa na birni sanin halin da ake ciki.

A fara da izini daga cikin gida. A tsarin Presbyterian fasto ba ya magana da yawun coci shi kaɗai. Batun zai bi ta majalisar dattawan ikilisiya, ya hau majalisar gunduma, in kuma da sunan cocin ƙasa baki ɗaya za a aika, sai babbar majalisa ko kwamitin da ta wakilta ya amince. A rubuta amincewar a littafin taro. Da yake majalisun nan ba kullum suke zama ba, a soma shekara guda kafin ranar rufe karɓar rahoto.

Sai zaɓen batu. A ɗauki ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kafin a rubuta komai, a buɗe shafin intanet na ofishin Babban Kwamishinan Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a sauko da jerin shawarwarin da aka ba ƙasar a zagayen baya. Kowace shawara tana da lamba, an kuma nuna ko gwamnati ta karɓa ko ta ce ta ji kawai. A nemo wadda ta karɓa da bakinta, wadda ikilisiya ke da shaidar ko an cika ta ko ba a cika ba. Rahoton da ya ce "shawara mai lamba kaza, kun karɓa, ga abin da muka gani a ƙasa" ya fi shafi goma na kuka nauyi.

Wurin shaida ne aiki ya fi lalacewa. Jimla irin "yaran 'yan gudun hijira suna shan wahala ƙwarai" gaskiya ce, amma ma'aikacin da ke taƙaitawa ba shi da abin ɗauka a cikinta. Abin da zai ɗauka shi ne: a ƙaramar hukuma kaza, tsakanin wata kaza da wata kaza, mun ziyarci sansani kaza, a guda kaza babu malami ko ɗaya. Rajistar asibitin coci, littafin kiran sunan ɗalibai, da hirar da aka yi da mutane bisa yardarsu, su ne kayan aiki. Abin da aka ɗauko daga jarida a faɗi inda aka samo shi. Kada a sa sunan wanda aka zalunta ko wani abin da zai sa a gane gidansa, domin ana wallafa rahoton a intanet da sunan ƙungiyar da ta aiko, kowa na iya karantawa. Zagi da cin mutunci kuma suna sa a ajiye rahoto gefe.

A ganinmu, inda rikici ya ci Kirista da Musulmi, rahoton da ya ƙirga gawar ɓangare ɗaya kawai ya rage wa kansa daraja, kuma bai yi adalci ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nemi ƙungiyoyin Musulmi, na mata da na lauyoyi a yi rahoton haɗin gwiwa. Akwai riba a fili: rahoton ƙungiya ɗaya ba ya wuce kalma 2,815, na haɗin gwiwa kuwa yana kai 5,630. Ƙungiya na iya aika nata guda ɗaya, ta kuma sa hannu a na haɗin gwiwa.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. A rubuta da Turanci ko Faransanci, a fayil ɗin Word, a sa lamba a kowane sakin layi. Ta shafin rajista na ofishin ake aikawa, don haka a buɗe asusu da wuri, kada a bari sai ranar ƙarshe ga matsalar wuta da intanet. Ana rufe karɓa wajen wata shida kafin bitar, kuma wanda ya makara sai zagaye na gaba. A duba ranar da sabbin ƙa'idoji a shafin. Duk rahotannin da aka aiko a shafi 10 ake matse su, saboda haka a sa magana mafi muhimmanci a farko.

Kowane sashe ya ƙare da shawara wadda za a iya aunawa. "Gwamnati ta ƙara ƙoƙari kan ilimi" kowa zai karɓa, ba kuma wanda za a kama da ita. "Gwamnati ta tura malamai masu albashi zuwa kowane sansanin 'yan gudun hijira kafin shekara kaza" ita ce za a iya dawowa a tambaya.

Aika rahoto rabin aiki ne, domin ranar bitar ƙasashe kaɗai ke magana. Zaman awa uku da rabi ne: minti 70 na ƙasar da ake dubawa, minti 140 a raba wa sauran, har wani jakada bai fi samun minti ɗaya ba, ya karanta shawara biyu ko uku ya yi shiru. Dole wata ƙasa ta ɗauki shawararku ta faɗa da bakinta. A matse rahoton zuwa shafi ɗaya, a kai ofisoshin jakadanci a Abuja, Yamai, Akra ko Yawunde wata uku zuwa huɗu kafin zaman, tun ba su gama tsara jawabinsu ba. A fifita ƙasashen da suka taɓa magana kan batun a zagayen baya. Ƙungiyar UPR Info ma tana shirya taron share fage a Jeniba kamar wata guda kafin bitar, inda ƙungiyoyi ke ganawa da jakadu.

A nan zumuncin coci ke amfani. Cocin Presbyterian na Amurka yana da ofishi a Cibiyar Coci da ke daura da hedikwatar Majalisar a Niyu Yok, yana kuma da matsayin mai ba da shawara a majalisar tattalin arziki da zamantakewa ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Majalisar Cocin Duniya tana Jeniba, kuma cocin Presbyterian na Najeriya, Gana da Kamaru duk mambobinta ne. 'Yan watanni bayan bitar, ranar da ake amincewa da sakamakonta, ana ware minti 20 ga hukumar haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da ƙungiyoyi masu irin wannan matsayi, don haka a tuntuɓi waɗannan ofisoshin coci da wuri in ana so a karanta jawabin ikilisiya.

Idan sakamako ya fito, a fassara shawarwarin da gwamnati ta karɓa zuwa Hausa da sauran harsunan yankin, a kai wa kwamishina da 'yan majalisar jiha lokacin tsara kasafin kuɗi. Bayan shekara biyu a rubuta rahoton tsakiyar zango. In aka yi wa wani barazana saboda ya ba da shaida, a rubuta rana, wuri da abin da aka faɗa, a sanar da ofishin Babban Kwamishinan nan take, domin Babban Sakataren Majalisar yana fitar da rahoto kan irin wannan ramuwar gayya kowace shekara.